Yadda ake farfaɗo da tsohon injin kwale-kwale, da yadda ake haɗa masa fetur da baƙin mai

Tsofaffin injunan da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale suna da rai da yawa. Johnson ko Evinrude na shekarun 1950 da 1960, da Mercury na wannan zamani, da British Seagull na Ingila, sukan yi shekara ashirin a jingine, a gyara su da kayan aiki na hannu, su koma ruwa. Abin da ya fi kashe su shi ne gaggawar ranar da aka fito da su daga ajiya, sai kuma haɗin man da bai dace da su ba.

Kusan dukkansu masu bugu biyu ne, irin waɗanda ake rubuta wa 2T. Ba su da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa irin ta mota. Baƙin man yana cikin fetur, ya bi ta kafireta, ya jiƙa karanshaf da boris da jikin fistin, sannan ya ƙone ya fita da hayaƙi. Saboda haka duk abin da ya rage fetur ɗin da ke shiga inji, ko toshewar kafireta ko tiyon da ke shan iska, ya rage baƙin mai. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin aikin.

Kafin a ja igiya

Fara da neman lambar samfurin injin, wadda yawanci take kan wani ɗan faranti a jikin maƙalin da ke kama jirgi. Da ita ake gane shekarar ƙira, shekarar kuma ita ke faɗa maka haɗin mai da irin kayan gyaran da za ka nema.

Cire filogi duka, ka zuba cokali ɗaya na man 2T a kowace silinda, ka bar shi ya kwana. Washegari ka juya filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke saman inji, da hannu, ta ɓangaren da hannun agogo ke bi. Idan ya ƙi motsi, kada ka ɗora masa dogon sifana ka danna. Sau da yawa ba kan injin ne ya kame ba, giyar ƙasa ce ruwa ya shiga ta yi tsatsa. Sauke ƙafar injin, wato sashen ƙasa mai giya da farfela, tukuna ka sake gwadawa. In kuwa fistin ne ya manne, sai man sassauta tsatsa ta ramin filogi da haƙuri na kwanaki, kana ɗan girgiza filawil gaba da baya. Ƙarfi yana karya zoben fistin ko ya lanƙwasa sandarsa, gyaran kwana biyu ya koma na wata guda.

Da ya juya, auna matsin silinda kafin ka sayi komai. Filogi duka a waje, wayoyinsu a haɗe da jikin inji, totur a buɗe, ka ja igiya sau huɗu ko biyar da ƙarfi iri ɗaya. Yawancin injunan nan suna ba da psi (ma'aunin matsi) 90 zuwa 120, ƙanana tsofaffi kuma suna aiki lafiya ko da 70 ne. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne daidaito: bambancin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta ba da 110 ɗaya 60, ko dai gasket ɗin kai ya fashe, ko zobe ya manne da ƙunar mai, ko jikin silinda ya ƙarje. Na farkon sauƙi ne da shi. Na ƙarshen shi ke sa a tsaya a yi lissafi ko injin ya cancanci wahalar.

Wuta

Tsofaffin injuna suna samun wuta daga magneto da ke ƙarƙashin filawil: koyil, kwantak da kwandansa ga kowace silinda. Ganin ɗan tartsatsi a bakin filogi a fili ba shaida ba ce, domin a cikin silinda matsi yana sa wuta ta yi wahalar tsallakawa. Wuta mai lafiya za ta tsallaka tazarar milimita 6 a sarari, shuɗiya, da ƙara tas. Ja-ja mai rauni ba za ta ɗauki kaya ba.

A Johnson da Evinrude na shekarun 1950 zuwa 1960, in koyil na asali ne, ka ɗauka ya mutu. Rufin jikinsa yana tsattsagewa da tsufa, damshi ya shiga, wuta ta riƙa zurarewa. Injin zai iya tashi da safe, ya yi zafi ya ɗauke, ko ya koma tafiya da silinda ɗaya. A canza koyil, kwantak, kwandansa da wayoyin filogi gaba ɗaya, a huta.

Cire filawil yana buƙatar majayi mai kusoshi uku da ke shiga ramukan da ke samansa. Majayi mai ƙugiyoyi da ke kama gefe yana lanƙwasa shi. Kuma kada kusoshin su nutse da yawa, don koyil na nan ƙasa daidai inda za su ɓullo. Tazarar kwantak milimita 0.5 ce lokacin da ya buɗe iyaka, ta filogi kuma wajen 0.75. Bayan ka saita, ja farar takarda mai tsabta a tsakanin bakunan kwantak ɗin. Ɗigon maiƙon yatsa ya isa ya hana wuta. Ƙafafun ƙarfen koyil su zauna daidai da gefen mazauninsu, in suka leƙo za su goga da filawil.

Dubi ɗan makullin nan mai siffar rabin wata da ke riƙe filawil a kan karanshaf. Ko ɗan tsagi ya yi, lokacin wuta ya goce, injin ya riƙa fizgar igiya daga hannu ko ya ƙi tashi sam. Wajen mayarwa, bakin shaf ɗin ya zama busasshe, babu mai babu giris, a ɗaure notin da sifana mai awo daidai ƙarfin da littafin injin ya faɗa. Noti sako-sako shi ke yanke makullin.

Kafireta da hanyar fetur

Fetur da ya bushe a kafireta yana barin wani danƙo mai toshe ƙananan ramuka, feshi daga waje kuma ba ya cire shi. Sai an warware ta. Cire kwanon ƙasa, fulot, allurar fulot da mazauninta, da alluran saiti, ka jiƙa sassan ƙarfe a man wanke kafireta, ka busa kowane rami da iska har ka ga ta fito ta ɗaya gefen. Kada ka zura waya ko allurar ɗinki a jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi. Tagulla ce mai laushi, ramin na faɗaɗa saiti ya lalace har abada.

Fulot na dā na toton itace ne da aka shafe da wani ƙaro. Fetur na yanzu mai gaurayen itanol, wani nau'in barasa, yana narkar da ƙaron, fulot ya sha mai ya nutse, kafireta ta riƙa ambaliya. A sa na roba. Idan ka kifa kafiretar, fulot ya kwanta daidai da bakin jikinta, kada ya karkata. Saitin farko: murɗa alluran a hankali har su taɓa, ba tare da matsewa ba, sannan ka warware ta silo zagaye ɗaya da rabi, ta gudu kuma kashi uku cikin huɗu na zagaye zuwa ɗaya. Ragowar saiti sai a kan ruwa.

Duk tiyon da ya taurare ko yake barin baƙi a yatsa, a canza shi. Kibiyar da ke jikin robar matsa fetur ta kalli inji. Ramin numfashin tanki ya kasance a buɗe. Injin da ke tafiya minti goma ya shaƙe, a buɗe murfin tanki ya farfaɗo, to matsalarsa ke nan. Johnson da Evinrude na kafin 1960 da yawa ba su da famfon fetur, suna aiki da tanki mai tiyo biyu wanda injin ke hura wa iska. Irin wannan tankin dole murfinsa ya rufe ƙam, kuma a sassauta murfin a hankali bayan aiki don iskar ta fita.

Haɗin fetur da baƙin mai

A nan ne aka fi gardama. Za ka ji ana cewa man zamani ya fi na dā kyau, don haka 50:1, wato kashi 50 na fetur ga kashi ɗaya na baƙin mai, ya isa kowane inji. Rabin maganar gaskiya ce. Man ya fi kyau, amma abin da ke yanke hukunci shi ne abin da karanshaf ke juyawa a kai. Injin da ke da boris na allurai a ko'ina yana wadatuwa da hazon mai kaɗan. Wanda ke da bushi na tagulla, kamar ƙananan injunan shekarun 1950, yana buƙatar yawan man ne da kansa, don shaf ya yi iyo a kan shimfiɗar mai maimakon ya goga da ƙarfe. A wasu ma, man da ke cikin bushin ne ke toshe iska daga shiga ɗakin karanshaf. Ingancin mai ba ya maye gurbin yawansa a irin wannan ƙira.

Johnson da Evinrude daga 1964 zuwa sama 50:1 suke sha. Na kafin nan 24:1, wasu ƙanana da suka fi tsufa kuma 16:1. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin da ke ƙera su duka biyu ya manna wa wasu injunansa takardar 100:1, daga baya ya janye ya koma 50:1, don haka ko ka ga wannan takarda a jikin murfi, ka yi 50:1. British Seagull na dā 10:1 ne, daga 1978 aka mayar da su 25:1, kuma ba a rage musu baƙin mai ƙasa da haka. Mai son sauya tsohon Seagull daga 10:1 zuwa 25:1 sai ya canza allura ko jet na kafireta, domin raguwar baƙin mai na nufin ƙarin fetur yana bi ta rami ɗaya, injin ya riƙa shaƙewa.

Wannan dalilin ne kuma ya sa zuba baƙin mai barkatai ba alheri ba ne. Ramin jet yana wuce adadi ɗaya na ruwa; in baƙin mai ya ci kaso mai yawa, fetur ya ragu, ga ƙuna tana taruwa a kan fistin da ramukan hayaƙi, zobba su manne. Duk da haka, kuskuren biyu ba ɗaya suke ba. Mai ya ɗan yi yawa, asararka filogi da hayaƙi. Ya yi kaɗan, asararka karanshaf, wanda ƙila an daina ƙera shi tun kafin a haife ka. Idan injin ya girmi tsakiyar shekarun 1960 kuma babu littafinsa, kada a rage masa baƙin mai ƙasa da na 24:1, in ƙarami ne mai bushi a ba shi 16:1.

Lissafin ba wuya: raba 1000 da lambar farko, ka samu mililitar baƙin mai a kowace litar fetur. 50:1 mililita 20 ke nan, 25:1 mililita 40, 24:1 wajen 42, 16:1 wajen 63, 10:1 kuma 100. Jarka mai lita 20 za ta ci mililita 400 a 50:1, ko 800 a 25:1. Tankin nan na Amurka mai galan 6 lita 22.7 yake ci, shi ya sa tsofaffin littattafai ke cewa a zuba masa gwangwanin mililita 946 don 24:1, ko rabinsa don 50:1. A auna da kofi mai layuka ko babban sirinji. Awon ido a murfin galan shi ya buga injuna da yawa. Zuba ɗan fetur a jarka, ka zuba baƙin man duka, ka rufe ka girgiza, sannan ka cika ka sake girgizawa. In ƙari za ka yi a tankin da ke da saura, lissafa man litocin da ka ƙara kawai. Rubuta haɗin a jikin jarkar, musamman inda ake da inji fiye da ɗaya.

Irin man kuwa, nemi mai ɗauke da alamar TC-W3. An yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa, kuma yana ƙonewa ba ya barin toka. Man 2T na babur ko na injin yankan itace an tsara shi don zafin injin da iska ke sanyayawa, a injin ruwa yana barin datti. Tsofaffin littattafai sun ce a yi amfani da man mota SAE 30, amma man motar wancan lokaci ba shi da sinadaran da ke cikin na yanzu. Waɗannan sinadarai suna barin toka a kan fistin, tokar ta yi jajir ta kunna fetur kafin lokaci, har ta huda fistin. Man juye kuwa ko kusa. Injin da aka sa wa sabon fistin ko zobba, in na 50:1 ne, a ba shi 25:1 na awa goma na farko, kuma kada a daɗe a cikakken totur.

Fetur na gama-gari ya wadatar. Matsin injunan nan bai kai na buƙatar mai tsada ba, kuma ba sa buƙatar ƙarin dalma tunda ba su da bawul irin na mota. Abin tsoro shi ne tsufa da ruwa. Haɗin da ya wuce wata biyu zuwa uku ya fara lalacewa. Itanol yana jan damshi, in ya ƙoshi sai shi da ruwan su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke tsotsa, wannan kwanton kuma ba shi da baƙin mai. Gwaji mai sauƙi: zuba mililita 10 na ruwa a kwalba mai haske, ka yi alama, ka ƙara mililita 90 na fetur, ka girgiza ka ajiye. Idan layin ruwan ya haura alamar, akwai itanol. Inda ake samun fetur marar itanol, shi ya fi dacewa da tsohon inji.

Ruwan sanyaya inji

Famfon ruwa yana saman giya, a cikinsa akwai wata roba mai fukafukai da shaf ke juyawa. Ta injin da ya daɗe a ajiye, canza ta ba tare da dubawa ba, domin robar tana sandarewa a lanƙwashe. Ko a injin da ke aiki, shekara biyu zuwa uku ta isa. Tayar da inji babu ruwa yana ƙona ta cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan ka tarar fiffike ya gutsure, nemo guntun a bututun ruwa, in ba haka ba zai je ya toshe hanya a cikin kai.

Wajen mayar da murfin famfo, ka riƙa juya shaf ta ɓangaren agogo kana dannawa, don fukafukan su kwanta ta inda za su juya. Kada ka manta ɗan makullin robar. Shafa giris a gefen haƙoran shaf, banda samansa, don giris a sama yana hana shaf shiga har ƙarshe. Tabbatar bututun ruwa ya faɗa bakinsa yayin ɗaga ƙafar. Da yawa sukan ɗaure komai, su tayar, babu ruwa, ashe bututun ya zame gefe. Kusoshin da gishiri ya ci a cikin alminiyon, a ɗumama jikin da ke kewaye da su, a riƙa gaba da baya kaɗan-kaɗan. Seagull shi ba ruwansa da wannan robar, famfonsa na daban ne, abin da ke damunsa toshewar hanyoyin ruwa da tsatsa.

Giya da farfela

Kwance notin ƙasa da na sama, ka tari man a kwano. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa na shiga, kuma sau da yawa zaren kamun kifi ne ya naɗe bayan farfela ya yanke sil. Garin ƙarfe mai laushi kaɗan ba komai, gutsattsari kuwa haƙori ne ya karye. Ana cika giya daga ramin ƙasa har man ya ɓullo ta sama, a rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa, da sababbin washa. Yawanci man giyar ruwa 80W-90 ne, amma Seagull na dā SAE 140 yake so, Johnson da Evinrude masu canjin giya na lantarki kuma suna da nasu man na musamman. A jikin giyar injunan wannan kamfani akwai wani noti mai kan gicciye kusa da na magudana. Ba na mai ba ne, shi ke riƙe da sandar canjin giya, in ka zare shi sai an buɗe giyar gaba ɗaya.

Fil ɗin da ke riƙe farfela an yi shi ne don ya karye in an daki dutse. A maye shi da irinsa, kuma a tafi da biyu ko uku na ajiya. Ƙusa ba ta karyewa, sai haƙoran giya su karye a madadinta. Giya kuma a sa ta da sauri a silo. Jan ta a hankali tana ƙarar gar-gar shi ke cinye bakin ƙarfen da ke kama ta, har injin ya fara fizge giya a kan gudu.

Tashin farko da saiti

A yi shi a fili saboda hayaƙin yana kisa a rufaffen wuri. In a duro ne, ruwa ya haura famfo sosai, ba ya rufe farfela kawai ba, kuma kada a ba shi wuta da yawa babu kaya. Yana tashi ka nemi ruwa. Tsofaffi da yawa ba su da ɗan bututun nan mai tsartuwa, feshi ne ke fita ta ramin hayaƙi a bayan ƙafa. Bayan minti biyu ɗora hannu a kan silinda: in za ka iya riƙewa na daƙiƙa huɗu ko biyar, lafiya, in ba ta taɓuwa, kashe.

Saitin gaskiya sai a kan ruwa, cikin giya, injin ya yi ɗumi. A cikakken totur, murɗa allurar gudu ciki kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka jira daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar kafin ƙari. Gudu zai ƙaru, sannan ya fara faɗuwa. Daga nan ka dawo baya har ya murmure, ka ƙara masa ɗan buɗi. Barin sa daidai inda ya fi ƙara mai daɗi yana nufin yana bakin yunwar mai. Haka za ka yi wa ta silo a ƙaramin gudu: in yana atishawa ta kafireta fetur ya yi kaɗan, in yana gurnani da girgiza da hayaƙi ya yi yawa. A injin mai kafireta biyu ko uku, kada ka ci gaba da tafiya in silinda ɗaya ta yi shiru, don wadda kafiretarta ta toshe tana juyawa ne a bushe.

Bayan tafiyar rabin awa, cire filogi ka karanta. Ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan damshin mai shi ake so. Baƙi jiƙaƙƙe, fetur ko baƙin mai ya yi yawa, ko wuta ta yi rauni. Fari busasshe, injin na jin yunwa ko yana shan iska ta sil ɗin karanshaf, kada ya sake fita sai an gano dalili. Wanda ya fito tas kamar sabo alhali ɗan'uwansa na da launi, da ɗigon ruwa a bakinsa, ruwa ne ke shiga silindar ta gasket ɗin kai ko na murfin hayaƙi, kuma a buɗe shi a ranar, kafin tsatsa ta kama boris.